An yi wa maiɗakina aikin zuciya, ƙodarta ta taɓu, an ce mata ba sa tsira kamar maza

Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne a Gwammaja, ina ɗan kasuwancina a Kantin Kwari. Maiɗakina shekararta 39, 'ya'yanmu biyar. Shekara uku tana fama da haki da kumburin ƙafa, daga baya aka gano ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarta ce ta lalace. Na sayar da filina na kai ta Indiya, aka cire aka sa mata ta ƙarfe. Kwana biyu da aikin sai fitsari ya ɗauke, aka ce ƙoda ta taɓu, sai da aka yi mata wankin ƙoda sau uku sannan ya dawo. Yau sati shida da aikin, muna gida. Kafin aiki gwajin ƙodarta 0.7 ya nuna, ranar sallama 1.6, amma da muka sake a nan Kano sai muka ga 124. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ga ƙaninta ya karanto a waya cewa mata sun fi maza mutuwa bayan aikin zuciya, musamman in ƙoda ta taɓu, kuma a gaban mahaifiyarsu ya faɗa. Yanzu Inna cewa take da ma ba a taɓa ta ba, har ta aiko da jiƙo na wanke ƙoda. Maƙwabcina da aka yi wa aikin zuciya bara, wata guda ya koma masallaci da ƙafarsa. Da gaske ne mace ba ta tsira kamar namiji? Na cuce ta ne? In faɗa mata ko in ɓoye?

Daga wani magidanci a Gwammaja

Wa'alaikumus salam Malam. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne, ya mayar maka da alherin abin da ka kashe.

Bari in fara cire maka ƙayar da ta hana ka barci, wato 124 ɗin nan. Kai mutumin Kwari ne, ka san in ka auna shadda da yadi, wani ya zo ya auna ta da inci, lambar za ta bambanta amma shaddar ba ta ƙaru ba. Abin da ake aunawa a jini sunansa kiriyatinin, wani datti ne da tsoka ke fitarwa, ƙoda ta tace shi ta zubar a fitsari. In ƙoda ta yi rauni sai ya taru. Asibitocin Indiya da miligiram suke rubuta shi, yawancin ɗakunan gwajinmu na nan kuwa da maikuromol, kuma 1 na can daidai yake da 88.4 na nan. Ɗauki wayarka ka raba 124 da 88.4, za ka ga 1.4. Ka duba gefen lambar a takardun biyu, za ka tarar ma'aunin da aka rubuta ba iri ɗaya ba ne. Daga 1.6 ta sauko 1.4, ƙodar tana farfaɗowa. Ka yi hamdala.

Sai dai kada wani ya kalli 1.4 ya ce maka ai shi ke nan ta warke. A nan ne bambancin mace da namiji na farko yake, kuma shi ne wanda aka fi mancewa da shi. Tun da daga tsoka kiriyatinin ke fitowa, mace kuma ba ta kai namiji tsoka ba, nata a ƙasa yake zama tun asali. Namiji mai shekara 39 da ke da 1.4, lissafin ƙarfin tacewar ƙodarsa zai kama wajen 65. Mace sa'arsa da lamba ɗaya, wajen 50. Mai lafiya sa'arsu 90 ne ko sama da haka. Ita da 0.7 ta shiga ɗakin tiyata, yanzu tana kan ninkinsa, ga kwanciyar jinya ta zaftare mata tsoka, abin da ke sa lambar ta yi kyan da bai kai zuci ba. Don haka duk likitan da za ku gani, ka fara miƙa masa tsohuwar takardar nan mai 0.7. Da ita za a gwada ta, ba da ta maƙwabcinka ba.

Tambayarka ta biyu ta fi taɓa ni. A'a, ba ka cuce ta ba. Na yi shekaru ina aikin jinya, na ga yadda lalatacciyar ƙofar zuciya ke ƙarewa in an bar ta: ruwa ya cika huhu, ciki ya kumbura, mace ta kwana a zaune an jera mata filo uku don ba ta iya miƙewa. Ƙofar da ta kai likita ya ce a canja ta ba ta gyaruwa da ƙwaya, kuma zuciyar da ta gaza ita kanta kashe ƙoda take yi a hankali. Taɓuwar ƙoda bayan irin wannan aiki kuwa sananniyar aba ce a ko'ina a duniya, har a asibitocin da suka fi kowa kayan aiki. Cikin mutum goma da aka buɗe wa ƙirji, biyu zuwa uku ƙodarsu na ɗan girgiza, yawanci ta dawo da kanta cikin kwanaki. Waɗanda abin ke kai su ga wanki 'yan kaɗan ne, ba su cika wuce biyu zuwa biyar cikin ɗari ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙoda 'yar ƙarama ce amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ita yake bi, tana tace wajen lita 180 a kwana guda ta mayar da kusan duka cikin jiki. Gaɓar da ta saba da irin wannan ambaliya ba ta jure fari. To don a ɗinka sabuwar ƙofa sai an tsayar da zuciya cik, a karkatar da jini zuwa wani inji da ke riƙe aikin zuciya da huhu. Injin yana tura jini amma babu bugun nan da jiki ya saba, yana fasa wasu jajayen ƙwayoyin jini, kuma kafin a jona shi sai an cika bututunsa da ruwa, ruwan ya gauraya da jinin mara lafiya ya tsinka shi. Haɗa da saukar jini, da ƙarin jini, da magunguna masu ƙarfi, ka ga abin da ƙodarta ta sha. Wani abu da nake son tunawa: a 1953 da likita John Gibbon ya fara yin nasara da wannan inji a Amurka, budurwa ce 'yar shekara 18 a kan gadon, kuma ta tashi ta ci gaba da rayuwarta.

Yanzu maganar ƙaninta. Bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya ɗauko. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023 ya duba mutum kusan miliyan 1.3 da aka yi wa aikin canja hanyar jijiyoyin zuciya a Amurka daga 2011 zuwa 2020. Cikin mata, kashi 2.8 cikin ɗari ne suka rasu a dalilin aikin, cikin maza kashi 1.7. Bambancin gaskiya ne, ba zan rufe maka shi ba. Amma juya lambar ka gani: cikin mata ɗari, 97 sun tashi. Sannan ba irin aikin maiɗakinka ba ne, kuma yawancinsu sun girme ta nesa ba kusa ba. Abin da ya fi duka, mutuwar da ake ƙirgawa a irin wannan lissafi ita ce wadda ta faru a asibiti ko cikin kwana 30 na farko. Ita yau tana da sati shida. Haka ma maganar wanki: rahotanni da dama sun nuna cewa cikin waɗanda ƙodarsu ta tsaya har aka kai ga wanki bayan aikin zuciya, kusan rabi ba sa fita asibiti da rai, maza da mata. Wannan kogin ta riga ta haye shi, Malam, tana ɗakinta a Gwammaja tana fitsari da kanta. Lambobin da ake tsorata ku da su na mutanen da ke bakin gaɓa ne.

Me ya sa matan suka fi shan wuya? Likitoci sun daɗe suna tonon wannan. A 2005 likitocin asibitin Cleveland da ke Amurka sun fitar da ma'aunin hasashen wanda ƙodarsa za ta iya tsayawa bayan aikin zuciya, suka sa zama mace a matsayin maki guda na haɗari. A 2016 wasu masana suka tattara bincike masu yawa suka sake dubawa, sai suka ga in aka daidaita shekaru da sauran cututtukan da mutum ya zo da su, fifikon haɗarin ƙoda da ake jingina wa mata yana ɓacewa. A gwaje-gwajen dabbobi ma, ƙodar mace ta fi ta namiji jure yankewar jini. Abin da ke cutar da mata shi ne halin da suke isowa a ciki. Suna zuwa a makare, ciwo ya ci jiki. Suna zuwa da ƙarancin jini saboda haihuwa da al'ada. Jikinsu ƙarami ne, jininsu bai kai na namiji yawa ba, ruwan injin nan kuwa kusan ɗaya ne ga kowa, don haka nasu ya fi tsinkewa, sun fi buƙatar ƙarin jini. Jijiyoyinsu ma sun fi siranta. Kai da bakinka ka ce shekara uku tana haki.

A wannan gaɓar nake so ka tsaya, don a nan hannunka yake. Abin da na gani da idona a ɗakunan jinya na Kano shi ne, in namiji ya kwanta, mata uku ne a kansa: wannan na fifita, wannan na dama koko, wannan na lissafin lokacin magani. In mace ta kwanta, daga kan gado take tambayar ko an ɗora tukunya, ko yara sun tafi Islamiyya. Ba na manta wata baiwar Allah da aka dawo da ita sati uku bayan sallama. Na ce mata yaya jiki, ta ce da sauƙi. Na kama hannunta, zobenta ya nutse cikin yatsa har sai da muka sa sabulu. Silifas ɗinta rabin ƙafa ya shiga. Na danna babban yatsana a ƙaurinta na ɗaga, ramin ya tsaya kamar an danna curin tuwo. Mijinta na gefe yana rantsuwa ba ta taɓa cewa komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Kunya da kawaici ne suka rufe mata baki, tana ganin an riga an kashe kuɗi da yawa a kanta. Maiɗakinka ta san ka sayar da fili. Kada ka jira ta yi ƙorafi, ba za ta yi ba. Maƙwabcinka da ya koma masallaci a wata guda, ka tambaya ka ji ko ya ɗauki bokiti ko sau ɗaya.

Ƙashin ƙirjin da aka tsaga yana ɗaukar sati shida zuwa goma sha biyu kafin ya haɗe sosai. Babu daka, babu jan ruwa, babu goyo, babu tuƙin tuwon gida. A samo 'yar'uwa ta zauna da ita. Amma kada a kwantar da ita kamar kaya, ta riƙa zagaya tsakar gida safe da yamma tana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Ga abin da nake so ka yi yau da daddare. Ka ce ta kawo maka ledar magungunanta duka, har da wanda maƙwabciya ta ba ta da wanda aka sayo a kemis saboda ciwon ɗinki, ku zazzage a kan tabarma. Duk inda ka ga dikulofinak, ibufurofen, Feldene, ko ƙullin haɗin nan na ciwon jiki da ake ba mutane babu suna, ka ware shi gefe. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma ga mai ƙofar ƙarfe haɗarin biyu ne, don tana shan wafarin mai tsinka jini, haɗuwarsu na iya sa ciki ya yi ta zubar da jini. In ciwo ya dame ta, farasitamol, gwargwadon yadda likita ya ce. Allurar jentamaisin da ake saurin yi wa mutane a unguwa ita ma dafi ce ga ƙoda mai rauni. In tana shafa man bilicin ta ajiye, wasunsu na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Duk wanda zai rubuta mata magani daga yau, ko na zazzaɓi ne, a fara gaya masa abu biyu: ƙodarta ta taɓa tsayawa, kuma tana kan wafarin.

Wafarin ɗin nan ba a wasa da shi. Ƙofar ƙarfe na tara gudan jini in an daina shan sa, in ya yi yawa kuma jini ya ɓalle, shi ya sa ake gwajin INR, mai nuna yadda jini ya tsinke, a kai a kai don a daidaita. Ga mace akwai ƙarin abu biyu da maza ba su da su. Yana iya sa jinin al'ada ya yi yawa, ƙarancin jini ya dawo, zuciya da ƙoda su sake shiga wahala, don haka a riƙa duba yawan jininta, kai kuma ka tambaye ta wannan a keɓe, da taushin murya. Na biyu, yana iya nakasa jariri a ciki, kuma ciki a wannan hali nauyi ne babba a kan zuciya da ƙoda. Ku zauna da likita ku yi maganar tazara tun yanzu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Za ka ji masu dubiya na cewa ta yi ta shan ruwa ya wanke ƙoda. Kada ku bi. Mai sabuwar ƙofar zuciya in ruwa ya yi mata yawa huhu yake tafiya, in ya yi kaɗan ƙoda ta bushe, musamman in zafin Kano ya kama daga Maris zuwa Mayu. Likita ne zai yanka mata adadi. Naku shi ne awo. Ka sayi sikelin tsayawa, ta hau kowace safiya bayan ta yi fitsari, a rubuta. In ta ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ruwa ne ba ƙiba ba. A ware robar ruwa ta lita ɗaya da rabi a banɗaki, lokaci-lokaci ta tara fitsarin kwana guda a gani. In bai kai rabin lita ba, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, ko amai da shaƙuwa sun ƙi tsayawa, ko ta fara ruɗewa, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ba a jiran gari ya waye. Haka in zazzaɓi ko gudawa ya kama ta, a kira likita a ranar, don akwai magungunan hawan jini da na fitsari irin su Lasix da akan dakatar na ɗan lokaci in jiki ya bushe. A rage gishiri da dunƙule, a cire kanwa daga miya da kunu. Ayaba, dabino da lemo kuwa ba a hana su sai in gwaji ya nuna sinadarin fotasiyam ya hau a jininta. Azumi, na farilla ko na nafila, sai likita ya amince, kuma Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara.

Wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa, mace ko namiji, ya fi sauran mutane haɗarin sake tsayawarta ko zamewa ciwon ƙoda na dindindin, ko da bayan shekaru ne. Shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyar KDIGO ta fitar a 2012, wadda likitocin ƙoda na duniya ke bi, ta ce a sake duba mutum bayan wata uku. In ƙarfin tacewa ya zauna ƙasa da 60 har tsawon wata uku, sai a kira shi ciwo mai daɗewa, kuma ko shi ana rayuwa da shi shekaru masu yawa babu wanki in an riƙe hawan jini da kyau. Amma ita da aka yi wa wanki kada ku jira wata ukun. Ku nemi ganin likitan ƙoda cikin sati biyun nan, ƙari a kan na zuciya. Ba sai kun koma Indiya ba. Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana da sashen ƙoda mai tarihi, tun 2002 ake dashen ƙoda a can. Ka tafi da takardun sallama duka, ka roƙi a duba fitsarinta ko furotin na zuba.

Sai Inna. Tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, 'yarta ce, kada ka riƙe ta a rai. Jiƙon dai ba za a sha ba. Babu wanda ya san me ke cikinsa ko nawa ne ƙarfinsa, ƙoda mai rauni ce za ta tace shi, kuma saiwoyi da ganyaye da yawa suna rikita aikin wafarin. Amma kada ka karɓa ka zubar a ɓoye, za ta sake aikowa, wata rana kuma ba ka gida. Ka je da kanka, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce mata likitoci sun ce ƙodar tana dawowa, sun kuma yi gargaɗin duk abin da aka jiƙa ko aka dafa na magani zai iya mayar da hannun agogo baya. Ka roƙe ta ta riƙe muku addu'a, ta kuma sa ido a kan girkin da ake yi wa 'yarta. Ranar asibiti ka ɗauke ta ku tafi tare ta ji daga bakin likita. Ƙanin nan mai karance-karance shi ma a ba shi aiki: littafin awo a hannunsa, ya riƙa rubuta nauyi, hawan jini, INR da kiriyatinin da kwanan wata.

Ita kuma ka faɗa mata. Ta riga ta ga fuskarka, ta ji ƙus-ƙus a tsakar gida, kuma abin da take sakawa a ranta ya fi gaskiyar muni. Ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin nan na 124 a wayarka, ta ga 1.4 da idonta. Ka gaya mata wurin da ya fi haɗari ta wuce shi, saura lallaɓawa, kuma ba za a iya ba sai ta riƙa faɗin abin da take ji. Ka ce mata filin da aka sayar ba bashi ba ne a kanta. Wannan kalmar tana buƙatar ta ji ta daga bakinka.

Abu na ƙarshe, saboda yaran nan biyar. Lalacewar ƙofar zuciya a matan da ba su tsufa ba a ƙasarmu, galibi daga ciwon maƙogwaro na yarinta take farawa, wanda ƙwayar cuta ta haddasa ba a yi maganinsa ba. Duk yaron da ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ko gaɓoɓinsa suka kumbura suna ciwo, a kai shi asibiti a duba, mata da maza, kada a tsaya kan ruwan gishiri da zuma.

In an yi gwajin wata uku ka rubuto mini lambar, da ma'aunin da ke gefenta. Ka gaishe mini da ita da jiki, ka gaishe da Inna.